Ba a Duba Haƙorin Jakin Ɗalha

A tashar Kankia na fara jin sunan Ɗalha, a bakin 'yan acaba. Ina aji ɗaya na sakandare lokacin, an ba mu hutu, na sauko daga mota da akwatina ina neman mai kai ni Kusada. Wanda na hau babur ɗinsa ya yi ta buga shi ya ƙi tashi, sai 'yan'uwansa suka sa shi gaba da tsiya. Wani ya ce ya sauke yarinyar mutane ya je ya aro jakin Ɗalha, zai fi saurin kai ta gida. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na isa gida na kwashe labarin na ba Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta ce in iya bakina, Ɗalhan da nake yi wa dariya ƙanen mahaifinta ne. Ashe Baba na Bauranya ne, tsohon nan da yake zuwa mana da gyaɗa yana kirana amarya. A gidanmu ba a kama sunan babba, shi ya sa ban taɓa sanin sunansa na yanka ba.

A Bauranya aka haifi Ɗalha, a gidan masu jakai, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba bayan noma sai ita. Da rani yana kai taki gonaki a mangala, da kaka ya kwaso dawa da gero, ranar kasuwa ya yi jigilar buhuna zuwa Kusada ko Kankia. Wanda zai yi gini shi yake nema ya kawo masa ƙasa. Ba ya riƙe sanda sai ɗan kara na nuna hanya, kuma ko a kasuwa ya ga yaro na jibgar jaki sai ya tsaya ya tambaye shi ɗan gidan wa ne.

Abin da aka fi saninsa da shi akumari ne, wato shimfiɗar da ake ɗora wa jaki a baya kafin a aza masa kaya. Shi yake ɗinka nasa da basilla, da tsofaffin buhuna da tsummoki, kowane jaki da nasa. Yakan ce bayan jaki kamar ƙafar mutum yake, in ka sa masa abin da ba nasa ba sai ya yi miki. Saboda haka duk jakin da ya sayar, da akumarinsa yake tafiya, kyauta. Kuma duk wanda aka haifa a turkensa yana da tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar gidansu tun daga kakansa.

A kara, wato ɓangaren dabbobi na kasuwa, ba wanda ke sayen jaki sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori don sanin shekaru, ya ɗaga kofato, ya ja shi ya ga tafiyarsa. Amma jakin Ɗalha ba a yi masa haka. Manomin da ya san hannunsa da ya ga tsagar kunnen nan sai ya wuce wurin ciniki kawai, don an san Ɗalha ba ya kawo mai ciwo, ba ya kuma rage wa tsoho shekaru. Bai gina soro ba, bai je Makka ba, wannan ita ce martabar da ya tara a duniya. Inna ta ce akwai ranar da wani baƙo ya kama bakin jakinsa ya buɗe. Ɗalha ya karɓi igiyarsa ya juya Bauranya, bai ko tsaya sayen gishirin da aka aike shi ba.

Da babura suka fara cika gari, na ƙasar Sin da farko, daga baya na Indiya, Ɗalha bai ƙi su ba. Shi mutum ne mai son abin mamaki. Ya sayi tocila 'yar Sin, ya sayi rediyo, ya sayi takalmin roba, yana juya su a hannu yana jinjina wa mutanen da suka ƙera. Da ɗansa Zakiyyu ya ce shi acaba zai yi, uban bai hana ba, har ya sayar da jakai maza biyu ya cika masa kuɗin babur. Sai kuma kurkura ta zo, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin ɗaukar kaya a baya, ta kwashe aikin taki. Abin da jaki zai wuni yana kaiwa, ita kafin hantsi ta gama. Aikin Ɗalha ya koma lunguna da burtali da wuraren yashi inda taya ke nutsewa. Jakai suka yi ta raguwa a turke, bana a sayar da wannan, baɗi a sayar da wancan, duk ga manoman da ya sani, har ta rage saura jaka ɗaya. Auraka yake kiranta, saboda hasken gashinta.

Ita ce ya fi daɗewa da ita. Ta san hanyar Kankia fiye da direbobi, ta san inda ake tsayawa a sha ruwa, kuma in ya yi gyangyaɗi a bayanta ba ta canza tafiya. A shekarun nan ne 'yan kasuwa daga Kano suka fara zuwa sayen riɗi, aka ce har teku ake kai shi a zuba a jirgin ruwa, wani ya tafi Sin, wani Indiya, wani Turkiyya. Ɗalha ya sa Zakiyyu ya yi masa bayanin nisan wuraren, ya saurara baki buɗe. Daga ranar, duk sanda ya aza wa Auraka buhun riɗi sai ya gaya mata ta taka a hankali, kayan mutanen Sin ta ɗauko. In na je hutu yakan tsokane ni, ya ce duk bokon da na yi ban taɓa wuce Katsina ba, ga kishiyata can a turke kayanta sun ga teku. A ganinsa haka kasuwa ta dace ta zama: su aiko da tocila, mu aika da riɗi, kowa ya kawo abin da Allah ya ba ƙasarsa.

Auraka ta yi 'ya'ya da dama. Ta ƙarshe mace ce, kamar an tsaga kara da uwar. Wani Bafulatani, Hamma, wanda yakan sauka da shanunsa a gonar Ɗalha bayan girbi, ya roƙe shi ita don matarsa ta riƙa ɗora ƙwarya da kayan ɗaki in za su tashi. Ɗalha ya ɗinka mata ɗan akumari ya ba shi. Shekarar da ta biyo baya, Hamma bai sauka ba, aka ce sun yi gabas neman kiwo, ba a ƙara jin labarinsu ba.

Can sai farashin jaki ya fara tashi ba gaira ba dalili. Aikin jaki ya ragu, amma kuɗinsa na hawa, abin ya ɗaure wa tsofaffi kai. Zakiyyu ne ya zo da bayani daga tasha. Ya ce ba aiki ake saye don shi ba, fata ake so. Ana loda su a babbar mota a yi kudu da su, a yanka, a feɗe, a barbaɗa wa fatar gishiri, a zuba a jirgin ruwa zuwa Sin, wai magani ake yi da ita. Ɗalha ya ce hirar tasha ce, wa zai sa wa jaki wuƙa? Bai yarda ba sai da aka sace jakai biyu a wani ƙauye kusa da su, aka tsince su da safe a kwazazzabo an feɗe, an bar wa karnuka naman. Ya je da kansa ya gani. Da ya dawo ya tumɓuke turken Auraka daga ƙofar gida ya kafa shi a cikin gida, dab da ɗakin matarsa Hawwa'u. Ta yi mita kan kashi da ƙudaje, daga baya ta haƙura, har ita ke ajiye mata ruwan tsari.

Amma tsufa ya riga ya kama shi ta gwiwa. Mutumin da yake yanko ciyawa dami guda kafin rana ta yi zafi, ya zama in ya tsuguna sai an miƙa masa hannu. Hawwa'u ita ma ƙarfinta ya ƙare. Zakiyyu yana kawo harawa a babur in ya tuna, in kasuwa ta yi masa daɗi ya manta. Auraka ta fara ramewa, haƙarƙarinta ya fito, kuma ko birgima ba ta samun wurin yi a tsakar gida. Ɗalha ya zauna ya duba lamarin. In ya riƙe ta yunwa za ta ci ta a gabansa, in ya sake ta kiwo ɓarayi na nan. Burinsa bai wuce ɗaya ba: ta koma hannun manomi mai ƙarfi, ta yi aikinta, ranar da kwananta ya ƙare ta mutu da fatarta a jikinta.

Ya aika aka kira Ɗanmaliki, dillalin da suka yi shekara da shekaru suna hulɗa, abokin wasansa kuma. Ya gaya masa zai kawo Auraka kara, amma da sharaɗi: manomi kawai, ko da kuɗinsa bai kai na masu fata ba. Ɗanmaliki ya ce shi bai taɓa ganin mai kaya da ke roƙon a rage masa ba sai Ɗalha, wannan ai aurar da ɗiya ne ba ciniki ba, saura ya ce a kawo lefe. Ɗalha ya ce ko lefen aka kawo, dillali ba zai ga ko ɗan kwali ba. Suka yi dariya, aka sa rana.

Ana gobe kasuwa ya warware akumarinta ya sake cusa masa tsumma, don bayanta ya faɗa, tsohon ɗinkin ya yi mata yawa. Da safe Zakiyyu ya ce a nemi kurkura a ɗora ta, uban ya ƙi, ya ce da ƙafarta ta saba shiga Kankia. Ya hau ta suka kama hanya, in ya ji tausayinta ya sauka ya ɗingisa, in gwiwa ta matsa masa ya koma.

Karar ranar ba irin wadda ya sani ba ce. Ga manyan motoci a bayan shinge, ga baƙin fuskoki suna zagayawa suna nuna jakai da baki. Mutum biyu suka taya Auraka da kuɗin da bai taɓa jin an taya jaki da shi ba. Ya dubi takalmansu da wayoyinsu ya ce albarka, bai ko ƙara kallonsu ba. Ɗanmaliki ya yi ta cizon yatsa yana cewa yau la'adarsa ta gamu da mai taurin kai.

Wajen azahar Ɗanmaliki ya zo da wani mutum mai matsakaicin shekaru, da 'yar shara da ta sha wanki, ƙafarsa duk faso irin na mai shiga gona. Ya durƙusa ya gai da Ɗalha, ya kira shi Baba, ya tambayi gida da ruwa. Ya ce shi manomi ne daga wani ƙauye can yamma, gonarsa yashi ce kurkura ba ta shiga. Sa'an nan ya matsa kusa da Auraka. Bai taɓa bakinta ba. Bai ɗaga kofato ba, bai ce a ja ta ya ga tafiya ba. Ya dai cire akumarin ya shafa bayanta da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya, ya shafa ciki, ya ɗan tsunkuli fatar ya saki.

Ɗalha yana tsaye yana kallo, sai ya ji wani sanyi a ransa. An daɗe rabon da a yi masa haka. Ya ɗauka mutumin ya ga tsagar kunne ya gane gidan da ta fito, shafar bayan kuma ya ɗauka miki yake nema, kamar yadda mai tausayin dabba ke yi. Ya juya ya dubi Ɗanmaliki da murmushi.

"Ka gani ko? Har yanzu akwai waɗanda suka san mutane."

"Ai kai dama a gaishe ka ya fi maka a biya ka," in ji Ɗanmaliki.

Mutumin ya taya ƙasa da na baƙin nan, Ɗalha ya sallama nan take. Ya tsaya yana yi masa bayani dalla-dalla: ba ta son a aza mata kaya ta hagu, ba ta shan ruwan da ya kwana a kwano, in ta tsaya cak a hanya kada a doke ta, a duba gaba, akwai abin da ta gani. Mutumin yana ta cewa to, Baba, in sha Allahu. Ɗalha ya mayar mata da akumarin da hannunsa ya ɗaure, ya ce wannan nata ne, ba ya cikin ciniki. Ya miƙa igiya, ya juya da sauri don kada ta bi shi da ido.

Ya yi salla, ya saya wa Hawwa'u goro, ya zauna a rumfar wani mai shayi har gwiwarsa ta lafa. Da la'asar ya tashi zai je tasha neman Zakiyyu, sai ya yanke ta bayan kara don ya fi kusa. Motocin sun tafi, sai sawun tayoyi da kashin dabbobi da guntayen igiyoyi. A gefen shinge ya hango wani abu a yashe, an taka shi. Tun kafin ya ƙarasa ya gane ɗinkin hannunsa.

Wata mai sayar da nono na zaune a gindin bishiya tana haɗa ƙoranta. Ya tambaye ta ko ta ga mai wannan. Ta ce ta gani, mutumin nan mai 'yar shara ai yaron masu motar ne, duk kasuwa yana zuwa, shi ake turawa wurin tsofaffin da ba sa sayar wa baƙi. Ta ce farar jakar ta ƙi hawa, sai da mutum huɗu suka ɗaga ta.

Ɗalha ya ƙarasa tasha ya gaya wa Zakiyyu. Zakiyyu ya sauke fasinjan da ke kan babur ɗinsa ya bi hanyar Kano a guje. Ya kai Gidan Mutum Ɗaya, inda hanya ta rabu, ya tambayi masu sayar da mai a bakin titi, wani ya ce nan suka bi, wani ya ce can. Ya dawo gab da magariba ya tarar da uban zaune inda ya bar shi, da akumari a cinya. Haka ya goyo shi har Bauranya. Kuɗin kuwa ya zube wa Hawwa'u a tabarma ya ce ta yi abin da ta ga dama da su, kada dai ta sayo abin da zai ci.

Bayan kwana biyu Ɗanmaliki ya zo har gida, ya cire hula, ya yi ta rantsuwa bai san mutumin ba. Mutanen gari wasu sun yarda da shi, wasu har yau ba su yarda ba. Zakiyyu ya so ya ci masa mutunci, uban ya hana.

"Ƙyale shi. Ni na ga bai buɗe bakinta ba. Wanda zai yi aiki da jaka ai sai ya so sanin shekarunta. Ni kuwa na tsaya ina jin daɗi wai an san ni."

Bai ƙara taka kara ba. Turken yana nan a tsakar gida, Hawwa'u ta so a cire don tana tuntuɓe da shi, ya ce a bari tukuna. Rediyonsa da tocilarsa bai yar ba, ya ce su ba su yi masa laifin komai ba. Amma in masu sayen riɗi suka shigo gari da kaka, sai ya tashi daga dandali ya shige gida.

Na gama sakandare a shekarar, na je na yi musu kwanaki. Wata rana da hantsi muna zaune a zaure ya ce in duba masa a wayata abin da ake yi da fatar. Na so in kauce, ya ce amarya ba ta yi wa ango rowar karatu. Na duba na karanta masa: ana dafa ta ne har ta narke ta zama kamar ƙaro, a yanka ƙanana a sayar, masu saye suna cewa tana ƙara jini. Ya tambaya ko da gaske tana warkarwa. Na ce ban sani ba, wasu sun ce e, wasu sun ce a'a. Ya daɗe yana murza bakin tabarma, sa'an nan ya ce Allah ya sa dai ta yi wa wani amfani, kada a ce a banza. Ya kuma tambaya ko jirgi ɗaya suke shiga da riɗi. Wannan ma ban sani ba.

Ya rasu da daminar bara, bayan gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa. Akumarin yana rataye a zauren, Zakiyyu ya hana yara wasa da shi. A tashar Kankia har yanzu in babur ya ƙi tashi akan ce a aro jakin Ɗalha, sababbin 'yan acaba ne ke faɗa, ba su san ko wane ne ba. An ce gwamnati ta hana fitar da fatar, amma ranar kasuwa nakan ga motocin.

A wancan zama na zaure, ranar da na karanta masa batun fatar, da na tashi zan shiga ciki, ya kira ni ya ce in dawo in zauna. Ya tuna mini da 'yar Auraka da Hamma ya tafi da ita gabas. Ya ce ni yarinya ce, zan yi tafiye-tafiyen da shi ba zai yi ba, kuma Fulani ba sa zama wuri ɗaya. Tun daga ranar, in ina cikin mota muka wuce ayarin masu tashi, kunnuwan jakansu nake bi da kallo.

"In kin ga mai tsaga biyu a kunnen hagu, ki sa direba ya tsaya," in ji shi. "Ba sai kin saye ta ba. Ki dai gai da mai ita, ki ce in ji Ɗalha na Bauranya, ranar da zai sayar, ya tabbata mai sayen ya buɗe bakinta ya duba haƙori. In bai duba ba, ya kama igiyarsa ya tahi gida."